Burodin da Inna Ta Ce na Sayarwa Ne

Ni dai har yau ba na cin zabibi. Jikokina sun ɗauka haƙori ne ya hana ni, na bar su a haka. Gaskiyar ita ce na fara ganinsa a lokacin da ba na son ganin komai, kuma hukuncin da na yanke masa ran nan ban janye ba.

Ana tsakiyar yaƙin basasa aka mayar da ni gidanmu, can cikin birni ta wajen Ƙofar Ɗan Agundi, goyon cikin fari. An ce laulayi watannin farko yake yi ya kama gabansa. Nawa bai ji wannan labarin ba, ya biyo ni har gida da cikina turtsetse, ya nemi wuri ya zauna. Warin daddawa, ƙaurin mai, numfashin wanda ya ci albasa, kai har ƙamshin sabulu, duk tayar mini da zuciya suke yi. Ina yawo da gwangwanin toka ina tofar da yawu. Ina cikin wannan hali aka kawo yayana daga asibitin sojoji da ƙafa a naɗe.

Shi ne ɗan farin Inna. Ɗinki yake koya a bakin kasuwa, rana ɗaya aka wayi gari ya bi motar ɗaukar soja, bai yi wa kowa sallama ba. Harsashi ya farfasa masa ƙwauri, likitoci suka yi abin da za su iya, suka ce sauran jinyar sai a gida. Aka shimfiɗa masa katifa a shagon da ke jikin soro. Akwai wani diresa da ke zuwa yana wanke ciwon, in ya kwance bandejin sai warin ya ratso soro ya iske mu har tsakar gida. Ina son yayana, amma ba zan yi ƙarya ba, da gefen mayafi nake toshe hanci in zan shiga wajensa, kuma yana gani.

Ciwon ma da sauƙi. Abinci ne ba ya ci. In ya ga nama sai ya juya fuska bango. Miyar kuka da ta kuɓewa ya ce a daina shigo masa da abu mai yauƙi. Fura da nono, da a da yake shanye ƙwarya guda a tsaye, yanzu ludayi ɗaya ya ture. Ruwan shayi yake kurɓa, sai kunu tsululu in an matsa. Ban tambaye shi abin da ya gani a can ba, shi ma bai faɗa ba. Wuyansa ya zama siriri, agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu. Diresan ya tsayar da ni a soro ya ce, “Malama, ki faɗa wa mutanen gida, ciwo ba ya haɗewa a jikin da babu abinci. Ni wanki kawai na iya. In ya ci gaba a haka ƙafar ma ba ita za mu yi ta magana ba.”

Na shiga na faɗa wa Inna. Tana tsintar shinkafa, ta ce Allah Ya sawwaƙe, kamar labarin wani ɗan ƙauye na kawo mata.

Mu asalinmu Fulani ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, Fulatancin ma saura na gaisuwa da na zagi, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da cinsa ko shansa. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In dole ta kama sai Inna ta ambace shi, sai ta ce “yayanki”, ko “na shagon”. Tun da aka kawo shi ko leƙawa ba ta yi ba. In na fito da kwanonsa sai ta ce, “Kawo in wanke.” Ta ɗaga murfin, ta ga abinci yadda ya tafi haka ya dawo, ta mayar ta rufe. Matan unguwa suna ta yaba mata, wai ga mace mai kawaici. Ni kam haushi yake ba ni har wuya.

Wata rana ina kwashe kwanonin da bai taɓa ba, ya ce da ni, “A asibitin can akwai wani burodi da suke kawowa da shayi. 'Yan dunƙule-dunƙule ne, da zaƙi, da wasu baƙaƙen 'ya'yan itace a ciki. Da ɗuminsa suke kawowa. Shi kaɗai ne ba ya warin komai.”

Na ce, “Za ka ci in an samu?”

Ya ce, “Wa ya sani.”

Na kai wa Inna wannan ma. Ta ce, “Wa ya tambaye ki?” Na tofa yawuna a gwangwani na tashi.

Washegari kuwa sai ga ta tana shela a tsakar gida, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji ta kan katanga, wai za ta gwada sana'ar burodi. Uzurin ya zauna, don tun rikicin da ya sa masu gidajen burodi suka bar Sabon Gari suka koma garuruwansu, burodi ya zama abin nema, wanda ake samu kuma sai an jiƙa. Sai dai Inna ba ta taɓa sayar da ko ƙuli-ƙuli ba a rayuwarta. Na dube ta, ta dubi rijiya.

Fulawar da aka samo mata daga kasuwar Kurmi, Allah Ya kiyaye. Ta yi toka-toka, ta dunƙule, tana warin buhu da kananzir, kuma in ka tsaya ka duba da kyau, motsi take yi. Ƙananan ƙwari baƙaƙe ne a sama, fararen tsutsotsi a ƙasa. Mai sayarwar ya aiko cewa in ba a so a mayar masa, akwai masu jira. Da babu gara ba daɗi. Ni aka ba tankaɗe, tunda mai ciki ba ta surfe ba ta ɗiban ruwa. Na tankaɗe da rariya, na sake tacewa da ɗankwali mai shara-shara, ina yi ina kau da kai ina kakari. Abin da ya rage a ɗankwalin na watsa wa kaji, suka yi ta wasoso, daga ranar ƙwai ma ya fita daga raina.

Sai zabibin. A ƙunshin takarda aka kawo shi daga kantin wani Balarabe, ɗan kaɗan, don haka Inna ta yayyanka dabino ta ƙara. Da aka buɗe na ce mene ne wannan, aka ce inabi ne da aka shanya. Ban yi gardama ba sai da aka jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kumbura. Duk wanda ya taɓa cire wa tunkiya kaska a kunne, irin wadda ta sha jini ta ƙoshi, ya san abin da na gani a kwanon nan. Na faɗa wa Inna, ta ce in rufe mata baki, amma na lura ita ma da cokali ta kwashe shi.

Mu dai a birni mun san alkama. Mun san gurasa, mun san alkubus da fankasau, saboda haka Inna ta ce burodi ai ƙanen gurasa ne da ya je makaranta. Ta karɓo tsamin ƙullu a wajen maƙwabciyarmu mai gurasa, ta kwaɓa fulawa da sukari da ƙwai da ɗan mai, ta zuba zabibi da dabino, ta rufe a rana. Da ya tashi muka ɗauka muka shiga gidan maƙwabciyar ta ƙofar baya. Tanderunta, wato ƙatuwar tukunyar ƙasar da ake hura wuta a ciki a manna gurasa a jikinta, ya yi zafi sosai. Inna ta dunƙula ƙullun ta manna kamar yadda ake yi wa gurasa.

Ƙullu mai mai da sukari ba ya kama jikin tanderu. Muna tsaye muna kallo ya fara zamewa a hankali, dabinon ya narke yana dalala, ɗaya bayan ɗaya suka sulale cikin garwashi. Hayaƙi baƙi ya turnuƙe, mai ƙaurin zaƙi, irin wanda ke maƙalewa a maƙogwaro. Na fita da gudu iya gudun mai ciki, na yi amai a gindin bedi. Maƙwabciyar ta ce ita dai ba ta hana ba, amma gurasarta ta gobe za ta yi ɗaci, kuma ita da abokan ciniki take zaune, ba da gwaji ba.

Duk da haka ita ce ta samo mana hanya. Ƙanen mijinta ya taɓa yin kuku a gidan Turawa ta wajen Nassarawa. Ya aiko da cokalin yis a ƙulle, da bayani: a zuba yashi a gindin tukunya, a ɗora ƙullun a kan wani abu, a rufe, garwashi sama garwashi ƙasa, kuma a bar ƙullu ya tashi sau biyu, kada a yi masa garaje. Bai faɗi a kan me za a ɗora ba. Inna ta duba gidan, ta ga gwangwanayen kifi da aka tara ana auna gishiri da barkono. Aka wanke su da toka, aka goge da yashi, aka shanya.

Wannan karon ya tashi, ya yi ja, har Inna ta yi ɗan murmushi ta ɓoye. Da aka fasa ɗaya sai ƙarnin kifi ya bugo, haɗe da zaƙi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk da haka Inna ta ce, tana kallon gefe, “Kai shago, ko akwai mai son ya ɗanɗana kafin a fara kai wa kasuwa.” Ban ƙarasa shiga ba yayana ya ɗaga hannu ya ce, “Fita da shi.” Na fita da shi, ni da burodin muka nufi bayan gida.

A karo na uku aka yi dunƙule-dunƙule a kan murfin kwanon samira, ba gwangwani. Ya fito yadda ya kwatanta, samansa ja yana ƙyalli, cikinsa laushi, baƙaƙen abubuwan nan sun leƙo ta gefe. Ƙamshin ya cika gida, ni kaina sai da na ajiye gwangwanin tokata na ɗan lokaci. Wannan ƙamshin shi ya jawo mana Baffa.

Baffa wan babanmu ne, kuma tun da babanmu ya rasu shi ne babba a kanmu. Kullum da hantsi yake zuwa dubiya da abokan zamansa biyu, su baje a shagon har azahar, bayan la'asar su dawo. Ba su taɓa kawo ko lemo ba. Labarin yaƙi suke zuwa ji. Baffa yakan gyara zama ya ce, “To, ɗana, kai da hannunka nawa ka kayar?” Yayana ya rufe ido, su kuma su ci gaba da ba shi labarin yaƙin da shi ya je, yadda suka ji a rediyo.

Ran nan Baffa ya ɗaga murya daga soro ya ce, “Me ake toyawa a ciki ne haka, ba a tuna da baƙi?” Inna ta jera burodin a faranti ta miƙo mini. Na ce a rage wasu. Ta ce, “A rage wa wa?” Na kai. Na ajiye farantin daf da katifar yayana, Baffa ya sa ƙafa ya jawo shi gabansa. Yayana ya buɗe ido, na ga hancinsa ya ɗan motsa, ya dubi farantin. Amma yaro ba ya sa hannu a kwanon da babba ke ci sai an ce masa bismilla, kuma ba wanda ya ce.

Ban taɓa ganin ci mai ƙazanta irin wannan ba. Baffa ya ciro goron da ke bakinsa ya ajiye a kan gwiwa, ya tura burodi guda, yana taunawa yana magana, jan yawu na taruwa a gefen bakinsa. Zabibi ya maƙale masa a haƙori, ya sa farce ya ciro, ya duba, ya mayar. Ya yi gyatsa ya ce, “Wannan ai abincin Turawa ne, mara lafiya ba zai iya da shi ba.” Biyun da suka rage ya zura a aljihun babbar riga, wai yara. Sannan ya ɗauki goronsa ya mayar baki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A gashi na gaba na yi dabara, na soke ɗaya a ƙugun zanina kafin a kai farantin. Sai da suka tafi azahar na ciro shi. Ya huce, ya lotse, ya kwashi warin jikina da na man da nake shafawa a ciki. Yayana ya karɓa don kada in ji ba daɗi, ya kai hanci, ya ajiye a gefen katifa. Da yamma na tarar tururuwa sun kewaye shi. A makon nan ko shayin ya fara ragewa, in zai tashi zaune sai an tallafe shi.

Fulawa kuma ta zo ƙarshe. Abin da ya rage ba zai wuce gashi ɗaya ba, yis ɗin ya kusa ƙarewa, zabibin bai cika tafin hannu ba, kuma an ce ko a Kurmi babu fulawar yanzu. Na sami Inna a ɗaki na ce, “Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗa musu nasa ne.”

Ta ce, “Na wa?”

Na ce, “Na wanda kika haifa. Kowa a unguwar nan ya san ba ki sayar da ko ɗaya ba.”

Ta ce, “Ke ba ki da kunya, ni ina da ita. A ce na tsaya ina yi masa girki na daban a gaban wan ubansa? Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Naki na nan tafe, za mu ga yadda za ki yi.”

Na ce, “To, ki riƙe kunyarki da kyau. In an fito da shi daga shagon nan a makara, mata za su zo su yaba miki.”

Ban taɓa faɗa mata magana irin wannan ba. Na zaci mari. Sai ta tashi ta ɗauki buta ta fita, alhali lokacin salla bai yi ba.

Washegari ba ta tashe ni ba. Ita ta tankaɗe fulawar, ita ta kwaɓa, ta murza har gumi na ɗiga daga haɓarta. Ba ta yi shelar sana'a ba. Ta tsuguna a gaban tukunyar tana gyara garwashin murfi ɗaya-ɗaya da tsinke, hayaƙi na shiga idonta ba ta kauce ba. Kafin a sauke muka ji sallamar Baffa a soro, ya ma zo da wuri, da ƙarin mutum ɗaya da ya ji labari.

Na miƙa hannu zan karɓi farantin, sai Inna ta ce, “Ba ni mayafina.”

Na bi ta a baya. Ta tsaya a ƙofar shagon ta yi sallama, muryarta ƙasa-ƙasa. Mazan suka waiwayo, don ba su taɓa ganinta a nan ba. Warin ɗakin ya buge ta, na ga ta haɗiye yawu, amma ba ta toshe hanci ba. Wannan ne ganinta na farko da shi tun da aka sauke shi daga mota. Ta dube shi sau ɗaya, ta ga abin da ya rage, ta sunkuyar da kai.

Baffa ya washe baki ya miƙo hannu. Inna ta janye farantin zuwa ƙirjinta.

Ta ce, “Malam, ku yi haƙuri. Wannan na ɗana ne.”

Baffa ya dubi abokansa ya yi dariya ya ce, “Au, yau kuma ɗa aka samu?” Ba wanda ya taya shi. Inna ta wuce ta gabansu, ta durƙusa a bakin katifar, rabin bayanta a juye, fuskarta na kallon bango. Ta gutsura burodin, tururi na fita, ta miƙa hannu ta gefe ba tare da ta waiwaya ba. Hannun ya daɗe a miƙe. Sannan yayana ya karɓa ya kai baki. Ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ta sake gutsurowa. A haka ya cinye guda, ya ci rabin na biyu, Baffa kuwa ya tuna yana da wani uzuri a kasuwa.

Maganar ta zaga unguwa kafin la'asar. Matan da ke yaba mata suka koma shigowa suna tambayarta ya jikin ɗanta, suna jan kalmar suna ƙyafta ido. Inna ta yi kwanaki ba ta fita ko gidan suna. Amma kullum ita ke kai masa kwano, kunu ne ko fate ko ɗan tuwo da miyar da ba yauƙi, ta durƙusa ta juya baya har sai ya ci abin da zai iya. Ba a sake yin burodi ba, babu fulawar. Kafin in yi arba'in da haihuwa ciwonsa ya fara haɗewa. Ƙafar ta gajarce, da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa, amma ya koma kan kekensa na ɗinki, ya yi aure, ya aurar.

Bayan rasuwar Inna da shekaru muna zaune da shi a soron nan, na tuna masa. Na ce ai ni na sha wahalar burodin nan, ya kamata a ce ya taɓa yi mini godiya, tunda mun dace da irin na asibitin har ya buɗe masa ciki.

Ya yi dariya ya ce, “Wane irin na asibiti? Ko kusa. Sau biyu yana taso mini har maƙogwaro ina danne shi.”

Na ce, “To, me ya sa ka ci?”

Ya murza gwiwarsa. Sannan ya ce, “Hannunta ne a miƙe a gaban mutane. Da wane ido zan bar shi a haka?”